Ƙwannafi, asma da borin jini a gida ɗaya: ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Tambaya: Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ƙwannafi, ni kuma ina da asma, ga ɗana mai shekara tara da kirci da yawan atishawa duk lokacin hunturu. Na ga tallar gwajin ƙwayoyin gado na DNA a intanet. Shin in saya domin in san abin da ke jiran yaron? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Malama, zargin da kike yi cewa akwai gado a cikin lamarin yana da tushe. Masana sun bi diddigin abin ta hanyar kwatanta tagwaye masu kama ɗaya da tagwayen da ba su yi kama ba. Binciken da aka wallafa a Suwidin a 2002 ya ƙiyasta cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 31 cikin ɗari na yiwuwar kamuwa da ƙwannafi mai naci, wani kuma a Birtaniya a 2003 ya kai lissafin kashi 43. Asma da kirci da murar da ƙura ke tayarwa dama an daɗe da sanin suna bin jini, kuma nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun nuna cewa wani ɓangare na ƙwayoyin gadon da ke sa mutum saurin kamuwa da su yana da hannu a ƙwannafi ma.

Duk da haka ba zan ba ki shawarar sayen gwajin ba. Waɗannan cututtuka ba irin sikila ba ne, inda ƙwayar gado guda ke yanke hukunci, gwaji ɗaya ya faɗa miki AA ne ko AS ko SS. A nan ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri, sannan ƙura da hayaƙin itace da ƙiba da irin cimar gida su ƙarasa sauran aikin. Ƙari a kan haka, mafi yawan bayanan da ake auna sakamakon da su daga Turawa aka tattaro su, don haka hasashensu kan ɗan Afirka ya fi rauni. Abin da kika zayyana mini a layi uku ya fi wa likita amfani fiye da takardar da za a aiko miki. Ki kashe kuɗin wajen kai yaron asibiti a saurari ƙirjinsa, musamman idan yana tari cikin dare ko numfashinsa na yin fito bayan ya yi guje-guje.

Tambaya: Ina da asma, kuma tari na tashe ni cikin dare da ɗaci a maƙogwaro. Mai kemis ya ce in sayi omeprazole. Zan iya ajiye abin shaƙata? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam, kada ka ajiye shi. Ɗacin da kake ji ruwan asid ne da ke tasowa daga tumbi idan tsokar da ke rufe bakinsa ta saki. Yana iya tayar da tari ta hanya biyu: ko dai ɗan kaɗan ya zurara cikin hanyar iska, ko kuma ya ƙona maƙoshi har jijiya ta sa hanyoyin huhu su tsuke. Tarin shi ma yana matsa ciki ya ƙara turo asid ɗin sama, wasu magungunan asma irin su aminophylline kuma suna sassauta waccan tsoka. Tunda kana da alamar ƙwannafi a fili, omeprazole na iya yi maka amfani, a sha kamar rabin awa kafin karin kumallo. Amma maganin ƙwannafi ne kawai. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa irin wannan magani bai gyara asmar waɗanda ba su da alamun ƙwannafi ba. Tashi cikin dare da tari alama ce ta cewa asmar ba ta kwanta ba, kuma salbutamol, abin shaƙa mai buɗe hanyar iska nan take, shi kaɗai ba ya maganin kumburin hanyar iska, don haka ka tambayi likita batun abin shaƙa na rigakafi.

A kemis, abin da na fi ji maka tsoro shi ne maganin ciwon jiki. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna cin bangon ciki, suna kuma tayar wa wasu masu asma da ciwonsu; farasitamol ya fi aminci. Ba sai ka sayi matashi na musamman ba: bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, tsayin santimita 15 zuwa 20, sun wadatar, tara matasai kuwa lanƙwasa ciki kawai yake yi. Ka bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ka kuma guji komawa barci da zarar an gama sahur. Idan abinci ya fara tsaya maka a maƙoshi, ko kana rama, ko bahayanka ya yi baƙi, ka bar kemis ka nufi asibiti.