Lambobin yabo huɗu a cikin akwati ɗaya: wace ce ta gaske, wace ce mai wuyar samu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, na fara sha'awar tara lambobin yabo na soja na ƙasashe daban-daban, har na sayi wani ɗan akwati a gwanjon intanet da lambobi huɗu a ciki. Ta farko baƙin kuros ce mai farin gefe, da harafin W da shekarar 1914. Ta biyu farar minda ce kamar azurfa, da kan wani sarki a gaba, mutum a kan doki a baya, kuma akwai suna a gefenta. Ta uku jan tauraro ne mai soja riƙe da bindiga a tsakiya, da lamba a baya. Ta huɗu ma jan tauraro ne, amma da jinjirin wata da rubutu irin na Larabci, fentinsa duk ya ɓare. Mai sayarwa ya ce dukansu masu wuyar samu ne. Yaya zan gane na gaske daga jabu? Kuma in goge su su yi ƙyalli?

AMSA

Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa: kada ka goge. Duhun da ke kan tsohuwar azurfa shekaru ne suka kawo shi, kuma masu saye na ƙwarai shi suke fara dubawa. Man goge ƙarfe yana cin saman minda kaɗan-kaɗan, ya shafe gashin kan sarki, ya daƙushe haruffa, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Idan ƙura ce ta dame ka, burushi mai laushi ya wadatar.

Batun wuyar samu kuma, mai sayarwa ya yi maka daɗin baki. Daga bayaninka na gane duka huɗun, kuma babu ko ɗaya da aka yi ta kaɗan. Wannan ba ya nufin ka yi asara. Sabon shiga yakan ɗauka tsufa ko ƙyalli ke ba minda daraja, alhali abin da masu wannan harka ke biyan kuɗi a kai shi ne mutumin da aka ba ta, da shaidar da ke tabbatar da shi ɗin ne. Shi ya sa idan aka miƙa mini minda, ba fuskarta nake fara kallo ba, juya ta nake yi in duba baya da gefe.

Mu ɗauki farar nan, domin ita ce ta fi sauran magana. British War Medal ke nan, wadda Birtaniya ta ba waɗanda suka yi hidima a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sarkin George na Biyar ne. An raba kusan miliyan 6 da rabi na azurfa, don haka ita kanta ba abin nema ba ce. Akwai dai ta tagulla, kimanin dubu 110, da aka ba leburorin yaƙi irin su Sinawa da ƴan Malta da Indiyawa, wannan ita ce ƴar kaɗan. Amma taka tana da suna, kuma nan ne dukiyar take. A gefen za ka ga lambar rajistarsa ta soja, da muƙami, da suna, da rundunarsa, an buga su da manyan haruffa. Hafsoshi galibi ba a sa musu lambar rajista. Da wannan bayanin za ka iya nemo katin lambobin yabonsa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, katin zai gaya maka sauran lambobin da aka ba shi, wani lokaci har da ranar da ya isa fagen daga. Idan ya mutu a yaƙin, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunansa da inda aka binne shi. Fayil ɗin aikinsa ne mai yiwuwa ba za ka samu ba, saboda fiye da rabin irin waɗannan takardu sun ƙone a ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Landan a 1940.

Minda biyu iri ɗaya, nauyi ɗaya, za su iya bambanta a daraja ninki goma ko fiye, don kawai ɗaya ta wanda ya faɗi ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa ce, 1 ga Yuli 1916, ɗayar kuma ta wanda ya yi aikin sito a bayan fage. Maƙaryata sun san haka. Sai su kankare sunan asali, su sa na wani da ya yi fice. Hanyar kama su ba ta da wuya: faɗin wannan mindar milimita 36 ne, ka auna ta ta fuskoki da dama. Idan wajen sunan ya fi sauran siranta, ko gefen ya yi sulɓi daban, an taɓa shi. Sannan ka duba haruffan da madubin ƙara girma. Na asali inji ne ya danna su, ƙarfe yakan ɗan tashi a bakinsu, na sassaƙa kuwa ƙarfen ake cirewa, ramin yakan yi tsini a ƙasa.

Wata ƴar karkata, tunda za ka ci karo da ita: lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da aka ba sojojin Birtaniya ba a sa musu suna ba, amma na Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya suna da shi. Rashin sunan ne ya buɗe ƙofar jabu, musamman tauraron ma'aikatan jiragen sama da ake kira Air Crew Europe Star. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko, a hannun wani dillali da ya rantse mini daga gidan magada ta fito. Sai da na jera ta da ta gaske na ga haruffanta sun yi kauri, rawanin ya cushe. Har yau tana nan a aljihun tebur, da ita nake nuna wa sababbi.

Baƙin kuros ɗin na Jamus ne, wanda ake kira Iron Cross, aji na biyu. Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Uku ya ƙirƙiro shi a 1813 lokacin yaƙi da Napoliyon, aka sabunta shi a 1870, da 1914, da 1939. Juya naka, ya kamata ka ga rawani, da haruffa FW, da ganye uku, da 1813 a ƙasa. Kada wannan shekarar ta ruɗe ka, tunawa da asali ce kawai, mutane da yawa sun sayi na 1914 suna zaton ya shekara 200. An raba sama da miliyan 5, kuma ba a rubuta suna. Na gaske ɓangare uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya, da farin firam gida biyu da aka liƙe shi a ciki. Kusanto da maganaɗisu, tsakiyar za ta kama. Duba gefe, za ka ga siririn layin da aka haɗa firam ɗin. Wani ma in ka girgiza shi sai ka ji ƙarfen ciki ya ɗan motsa, wannan alama ce mai kyau. A ƙaramin zoben da ƙyalle ke ratsawa akan sami tambarin maƙerin ko adadi kamar 800, ma'aunin azurfa. Jabu yawanci zubi ɗaya ne aka shafa masa baƙin fenti. Maganaɗisu dai ba shi ne alƙali na ƙarshe ba, akwai ƴan na gaske da aka yi tsakiyarsu da ƙarfen da ba ya kamawa, akwai kuma jabun da ke kamawa.

Wannan bambanci tsakanin bugu da zubi shi ne darasin da zai yi maka aiki a kan kusan kowace minda. Gidan buga kuɗi yana danna ƙarfe tsakanin hatimi biyu da ƙarfi mai yawa, sai zane ya fito tas, fili ya yi sumul. Mai jabu yakan ɗauki ta gaske ya yi mazubi da ita, ya narka ƙarfe ya zuba. Abin da zai fito yana da ƴan ramuka kamar na ƙuraje, haruffa sun narke, gefe yana da alamar tsaga ko gogar zarto, kuma yakan ɗan gaza ta asali a faɗi saboda ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Ƙaramin sikeli mai auna giram da ma'aunin faɗi sun fi maka amfani da kowane labari na dillali.

Tauraro mai soja na Tarayyar Sobiyet ne, lambar Jan Tauraro da aka kafa a 1930. Azurfa ne, da jan gilashi da aka narka a kansa, ga kusa mai zare a baya da ake ɗaure shi a riga. An ba da sama da miliyan 3. Lambar bayan nan ita ce madadin suna, domin kowace lamba tana da katin mai ita a ma'ajiyar soja da ke Podolsk kusa da Mosko, kuma akwai masu bincike da ke nemo katin da takardar da ta bayyana abin da mutumin ya yi. A nan sai ka shirya wa kowane sakamako. Tun daga 1944 zuwa ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba da wannan tauraro ga wanda ya cika shekara 15 a aikin soja ko da bai ji ƙarar harsashi ba. Naka zai iya zama na matuƙin tanka a gumurzun Kursk a 1943, zai kuma iya zama na akawun barikin. Masu ƙaramin adadi a baya, na farkon lokaci, sun fi tsada, saboda haka ka duba ko an goge wani adadi ko an sake sassaƙa shi.

Na huɗun shi ya fi burge ni, kuma ɓarewar fentin da ke damunka ita ce ta sa. Lambar yaƙi ce ta Daular Usmaniyya ta 1915, Turawan Ingila suna ce mata tauraron Gallipoli. Rubutun da ke tsakiya tambarin Sarkin Musulmi Mehmed Reshad ne, a ƙasansa kuma akwai 1333, shekarar Hijira. Wadda gwamnati ta raba farin ƙarfe ne mai araha da siririn jan fenti, tana da muni in an gwada ta da sauran. Hafsoshin Jamus da Ostiriya da aka ba su ba su gamsu ba, sai suka riƙa zuwa wurin maƙeran ado a ƙasashensu ana yi musu masu kyau da azurfa da jan gilashi. Ka ga ke nan mai ƙyallin ita ce ta saye, mai ɓararren fentin ita ce ta hannun hukuma. Duka biyun ana tara su, amma da ka bi shawarar ido ka sake mata fenti, da ka kashe ta.

To ina masu wuyar samun na haƙiƙa? Victoria Cross, babbar lambar bajinta ta Birtaniya wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1856, ba a ba da 1,400 ba har yau, mutum uku kacal suka same ta sau biyu. Kamfanin Hancocks na Landan ke yin ta tun farko, sunan mai ita yana bayan sandar da take rataye, ranar bajintar kuma a tsakiyar bayan kuros ɗin. Abin dariya, ita wannan zubi ce ba bugu ba, ka ga dokar da na ba ka ɗazu tana da togaciya. An san inda kusan kowace take, don haka wadda ka gani a gwanjon intanet kwafi ce. Ko ɓarayin da suka fasa gidan tarihin soja na Waiouru a New Zealand a 2007, suka kwashe lambobi 96 har da irin wannan guda 9, ba su sami kasuwar kai su ba, an dawo da su bayan ƴan watanni. Lambar Nasara ta Sobiyet, ta 1943, mai lu'ulu'u, sau 20 kawai aka ba da ita, manyan kwamandojin Yaƙin Duniya na Biyu irin su Zhukov da Eisenhower da Montgomery suna cikin waɗanda suka samu. Wani lokaci kuma wuyar tana kan ɗan ƙarfen da aka gicciya a ƙyalle mai sunan gumurzu. Lambar sojan ruwa ta Birtaniya ta 1847 an yi ta ne don yaƙoƙin 1793 zuwa 1840, kuma sai wanda ke raye ya nema aka ba shi. Irin waɗannan ƙarafa 231 aka amince da su, wasu mutum ɗaya ko biyu ne suka rage da za su karɓa. Kafin ka sayi irinta, sai ka ga sunan da ke gefe a jerin waɗanda aka ba wannan ƙarfen.

Ka kula da doka, domin ba kowace lamba ake ciniki ba. A Amurka laifi ne saye ko sayar da Medal of Honor, babbar lambar bajinta ta sojojinta. Rasha ta hana cinikin lambobin gwamnati har da na zamanin Sobiyet, ta kuma hana fitar da su, ko da yake a wasu ƙasashe ana sayar da su a fili. Jamus ta hana baje alamar ƴan Nazi, shi ya sa a 1957 ta fitar da sabon samfurin kuros na 1939 wanda babu alamar a jiki don tsofaffin sojoji su iya sawa. Wasu manyan lambobin sarauta, kamar ta Giwa ta Denmark, ana mayar wa masarauta idan mai ita ya rasu.

Wajen ajiya, nesanta su da laima da jakar roba mai laushi, irin wadda ke sa tagulla ta yi kore. Kowace ta zauna ita kaɗai a takarda marar asid, kada su gogi juna, musamman mai jan gilashin nan da ke tsagewa da ƙaramin bugu. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe ka bar shi a jiki. In kana shakkar shekarunsa, haska shi da fitilar gane jabun kuɗi: farin zaren zamani yakan yi walƙiya shuɗiya, na lokacin Yaƙin Farko ba ya yi. Idan kuma akwai wata takarda ko hoto a ƙasan akwatin, ko da ta yage, kada ka raba ta da lambar da ta zo tare da ita.

Ka turo mini hoton gefen farar mindar a cikin haske mai kyau, da lambar bayan tauraron Sobiyet ɗin, da nauyin kowace a giram. Katin mai farar mindar nan zai nuna ko an ba shi Victory Medal mai ƙyalle launin bakan gizo, in kuwa an ba shi, to tana can hannun wani da suna iri ɗaya a gefenta, sai mu fara cigiya.