Amsa ga ƙanena mai haɗa akwati: irin kayan da wurin aiki ke buƙata a Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu da na samu a watan nan daga masu shirin tahowa, sai dai naka ya fita daban domin kai ba kuɗin jirgi ka roƙa ba. Ka ce ka samu gurbin karatun digiri na biyu, kana so ka riƙa taɓa aiki a gefe, kana tambaya ko kwat uku da laktaye za su ishe ka, sannan ka ƙara da tambayar ƙanwarmu mai aikin jinya a kan hijabi a asibiti. Zan amsa maka da tsawo, domin wannan abin da wasu za su raina shi ne ya fara kunyata ni a ƙasar nan.

Ka taho da kwat ɗaya tak mai duhun launi, sauran biyun ka bar wa mabukata. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka wuce awa 20 na aiki a mako ba muddin ana cikin zangon karatu, kuma ayyukan da ake samu da irin waɗannan awoyi sanannu ne: ɗaukar kaya a manyan sito, masana'antar sarrafa abinci, gidajen kula da tsofaffi, gadi, da jera kaya a kanti. Yawancinsu ba a shiga da kwat. Ofishin da kake hange yana nan tafe in Allah ya yarda, amma akwatinka na farko ka haɗa shi domin aikin da zai karɓe ka a watan farko.

Ranar da na fara aiki a wata masana'antar abinci, na tashi tun kafin asuba, na sa riga mai guga, na ɗaura agogo, na sa zobe, na fesa turare har sau uku, domin a tunanina haka ake girmama sabon wurin aiki. Matar da ke kula da masu shiga ba ta ko duba takardata ba. Ta matso kusa da ni, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce ba zan shiga ba. Agogo da zobe ana iya cire su a kulle a akwatin ajiya, gemu kuma akwai ragar da ake rufe shi da ita kamar yadda ake rufe gashin kai, amma turare ba ya ciruwa, kuma abinci yana ɗaukar ƙamshi. Na koma gida cikin sanyin da bai bar mini ji a yatsu ba, ba a biya ni ko kwabo ba, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne waɗanda suka turo ni aikin sun san da dokar, ba su ga ya dace su faɗa mini ba. Daga baya na gane cewa kowace doka a wurin tana da dalilinta. Rigar aikin ba ta da maɓalli irin na ɗinki kuma ba ta da aljihu a waje, don kada wani abu ya faɗa cikin abinci. Idan ka yanke, filastar da za a manna maka shuɗiya ce, saboda shuɗi yana saurin bayyana a cikin abinci, kuma akwai siririn ƙarfe a jikinta wanda na'ura za ta gano idan ta ɓalle. Wanda ya fahimci wannan ba zai tsaya musu a bakin ƙofa ba, kamar yadda ni na tsaya ina ƙara wa kaina kunya.

A sito da wurin gini maganar ta fi sauƙi, amma a nan ne ake cutar baƙo. Za a buƙaci takalmi mai ƙarfe a baki, da falmaran mai sheƙi da direban injin ɗaga kaya zai hango daga nesa, da safar hannu, wani wurin har da hular kwano. Dokar kayan kariya ta 1992 ta ɗora wa mai aiki alhakin samar da waɗannan kyauta, kuma a watan Afrilun 2022 aka faɗaɗa ta har ta haɗa da masu aikin wucin gadi irin wanda za ka yi. Ni an taɓa cire mini kuɗin takalmi daga albashina na farko, na yi shiru domin ban san haƙƙina ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Kada ka bari a yi maka haka. Ko yunifom na yau da kullum, idan aka ce kai za ka saya, doka ba ta yarda kuɗinsa ya sauko da ladanka ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba. Kuma ka guji riga mai faɗi ko wani abu mai lilo kusa da inji, domin inji idan ya kama tufa ba ya saki sai ya haɗa da mai ita.

Sai da na shekara huɗu ina irin waɗannan ayyuka kafin na samu kujera a ofis, kuma ban same ta da alfarmar kowa ba. A ranar farko na fito da kwat ɗin da na daɗe ina ɓoyo, na ɗaura laktaye, na isa na tarar shugaban sashen sanye da wandon jins da kambas. Kafin azahar mutum biyu sun tambaye ni cikin raha ko ina da ganawar neman aiki a wani wuri ne. Na yi dariya tare da su, amma na gane saƙon. Duniyar ofis ta sassauta ƙwarai: a 2017 kakakin Majalisar Wakilan Birtaniya, John Bercow, ya ce ba dole ne ɗan majalisa ya ɗaura laktaye a zauren ba, kuma a 2019 bankin Goldman Sachs, wanda aka sani da tsananin ado, ya sassauta wa ma'aikatansa. Sai dai sassaucin ba ɗaya ba ne a ko'ina, domin ofishin lauyoyi da wurin masu haɗa manhajar kwamfuta ba su taɓa zama daidai ba, kuma ranar da za a gana da abokan ciniki ta bambanta da sauran ranaku. Abin da nake yi yanzu shi ne, ranar ganawar neman aiki in ɗara ma'aikatan wurin ado da taki ɗaya kawai, idan kuma aka ɗauke ni in kwashe mako guda ina kallon abin da na gaba da ni suke sawa. Tambayar wanda ya ɗauke ka aiki kafin ranar farko ba abin kunya ba ne, sun saba da ita.

Akwai wani abu da ba wanda zai faɗa maka baki da baki. A lokacin sanyi a cikin ɗaki ake shanya, kuma tufar da ba ta bushe sosai ba tana yin wani warin danshi da mai ita ba ya ji. Mutanen nan ba za su ce maka komai ba, za su ci gaba da yi maka murmushi, sai dai wata rana shugabanka ya kira ka gefe yana kame-kame. Ka tabbata kayanka sun bushe, turare kuma ka yi kaɗan ko a ofis.

Game da ƙanwarmu, ka gaya mata hijabi ba shi ne matsala ba, asibitoci cike suke da mata masu shi, kuma dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa. Abin da zai zo mata baƙo shi ne hannun riga. Tun 2007 aka fito da ƙa'idar cewa mai taɓa majinyaci ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwar hannu zuwa yatsu, babu agogo, babu awarwaro, babu dogon farce ko fenti a kansa, sai zobe ɗaya marar dutse, domin a iya wanke hannu sosai. Jagorar da hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar a 2020 ta ba da damar sa hannun riga na yarwa da ake cirewa bayan kowane majinyaci, da sa dogon hannu lokacin da ba a kan majinyaci ake ba, amma kowane asibiti yana da tsarinsa, don haka ta nemi a ba ta shi a rubuce kafin ta sa hannu a takardar aiki. Hijabin kuma ya zama marar ado wanda ba ya lilo. Kada ta ɗauka kotu za ta goya mata baya a duk inda addini ya ci karo da lafiya. A 2013 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta ba Nadia Eweida, ma'aikaciyar kamfanin jiragen sama na British Airways, gaskiya a kan sarƙar gicciyenta, amma a hukunci guda ta ƙi ba wata ma'aikaciyar jinya, Shirley Chaplin, domin asibitin ya kafa hujja da lafiya da kariya. Idan kuma wani ya ba ta shawarar Faransa, ta sani cewa a can ma'aikacin gwamnati, har da na asibitin gwamnati, ba ya sa alamar addini a bakin aiki.

Ba kowace doka ta wurin aiki ce ke da hankali ba, kuma 'yan ƙasar ma suna shan nasu. A 2015 an kori Nicola Thorp gida ba biya daga aikin karɓar baƙi a Landan saboda ta ƙi sa takalmi mai tsini, ta tara sa hannun mutum fiye da 150,000 har majalisa ta tattauna batun a 2017. Sai dai ita 'yar ƙasa ce da ba ta fargabar biza, kai kuwa baƙo ne mai awa 20, don haka ka fara da bin dokar, ka ajiye shaidarka a rubuce, sannan ka kai ƙorafi ta hanyar da aka tanada.

Abin da za ka zuba a akwati bai da yawa: baƙin wando guda biyu marasa ado, riguna masu kwala farare da shuɗaye masu haske, baƙin takalmi rufaffe wanda za ka iya tsayuwar awa takwas a cikinsa ba tare da ƙafa ta kumbura ba, da wannan kwat ɗin guda. Rigar sanyi da ta ruwa ka bari sai ka iso, domin wadda za ka saya a can ba za ta yi maka watan Janairu ba. Ka turo mini ranar saukarka da wuri, domin in san ko zan samu hutu in tarye ka.