In ba a ganin su, ta yaya aka sani?

TAMBAYA: Malam, ina aji ɗaya a babbar sakandare. Malaminmu na kemistiri ya ce komai, har ruwa da iska, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. To in ba a ganin su, ta yaya aka sani? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: 'Yata, manyan masana ma sun yi ta ja-in-ja a kan wannan har farkon ƙarni na 20, duk da cewa masanin kemistiri ɗan Ingila John Dalton ya wallafa ra'ayinsa kan ƙwayar zarra tun 1808.

Ki ɗora kofin shayi da sukarinki a kan sikeli, ki duba nauyin. Ki zuba sukarin ki juya. Ya ɓace wa ido, amma nauyin na nan, kuma duk kurɓar da kika yi da zaƙi. Sukarin ya rarrabu ne zuwa ƙwayoyin da suka bazu cikin ruwan.

Gwajin da na fi so in yi wa ɗalibaina shi ne na etanol, wato wani irin ruwan barasa. A haɗa mililita 50 nasa da mililita 50 na ruwa, sai a samu kusan 96 maimakon 100. Malamai kan kwatanta shi da zuba gero a mudun gyaɗa, geron ya shige tsakankani. Kwatancen bai cika ba a ganina, domin ƙwayoyin biyu janyo juna suke yi su matsu, abin da gero da gyaɗa ba sa yi.

Hujjar da ta kashe bakin masu musu ta faro ne daga wani masanin tsirrai ɗan Sikotland, Robert Brown. A 1827 ya leƙa madubin ƙara girman abu, ya ga ɓurɓushin da ke fita daga garin fure yana ta rawar ɗari a cikin ruwa, ba tsayawa. Ya yi zaton rai ne da shi, sai ya gwada niƙaƙƙen dutse da gilashi, su ma suka yi rawar. A 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin ruwa ne ke bugun ɓurɓushin ta ko'ina, wani gefen ya ɗan rinjayi wani. Jean Perrin na Faransa ya auna motsin tun daga 1908, ya tarar lissafin daidai, har aka ba shi kyautar Nobel a 1926.

Yawansu kuwa, a giram 18 na ruwa, wato cokalin miya ɗaya da 'yan kai, akwai ƙwayoyin da sai kin rubuta 6 kin jera sifiri 23 a bayansa kafin ki kamo adadinsu.