Daga Madafa: Me Zan Ɗora da Daddare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Watana bakwai da aure. Abincinmu na dare bai wuce shinkafa da miya, taliya, dafa-duka, sai in sake komawa kan shinkafa. Maigida bai ce komai ba, amma na lura ya fara barin saura a kwano. Ga tumatir ya yi tsada, kuɗin cefanen kuma ba kullum yake kaiwa ga nama ba. Ki taimaka mini. (Amarya, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Abin da ya ɗaure ki shi ne duk girkin da kika lissafa a kan jar miya ya dogara. Tumatir kuwa yana da lokacinsa. Mafi yawansa na noman rani ne, daga wurare irin su Kadawa da Kura a jihar Kano, shi ya sa yake araha da sanyi, damina na kawo kai ya yi tashin gwauron zabi. Masu cefane ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ma gidajen da suka iya abincin gargajiya ba su kwana da yunwa ba.

Ki fara da fate, tunda a garinsa kike. Ki ba da masara a ɓarzo miki tsaki, ki tankaɗe ki ware garin don tuwo. Ki soya albasa a manja, ki zuba jajjagen attaruhu da tattasai, ki tsaida ruwa, ki sa daddawa da gishiri da dakakkiyar ɗanyar gyaɗa kamar rabin gwangwani. In da wake, ki fara dafa shi daban ya yi laushi sannan ki juye. Ruwan na tafasa sai ki wanke tsakin, ki riƙa zubawa kina juyawa da muciya don kada ya dunƙule. Ki rage wuta ki bar shi ya nuna, kina leƙawa saboda kamu. Yakuwa da gauta su fara shiga, alayyahu kuma a ƙarshe, minti biyar kafin ki sauke, don ya fito da korensa. Tsamin yakuwar nan shi ke tsaya miki a madadin tumatir, gyaɗar kuma ta ba shi kauri da garɗin da ba za a tambayi nama ba. Ni dai a ganina faten da ba yakuwa bai cika fate ba, ko me aka zuba masa.

Da wannan tsakin dai za ki yi dambu wani daren. Ki wanke, ki tsane a kwando, ki turara a madambaci. In ya yi rabin nuna ki juye a roba, ki haɗa da zogale, albasa, attaruhu, gyaɗa da gishiri, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki mayar ya ƙarasa turara. Soyayyen man gyaɗa da yaji a kai, an gama. Kin ga buhun masara ɗaya ya ba ki tuwo, fate da dambu, kowanne da ɗanɗanonsa.

Ranar da kuke marmarin shinkafa, ki yi garau-garau, ko tuwon shinkafa da miyar taushe, wadda kabewa ce ƙashin bayanta. In kuma sai jar miyar, ki sayi kauɗa, wato busasshen tumatir, ki jiƙa a ruwan zafi, ki wanke ta sosai saboda yashi, ki markaɗa da albasa mai yawa da tattasai.

Sannan ki tambayi maigidan abin da ya taso yana ci a gidansu. Da yawa daga mazanmu tuwo suke so da daddare, kunya ce ke hana su faɗa wa amarya.

TAMBAYA: Anti, duk sanda na kaɗa miyar kuka sai ta yi gudaji, wani lokaci har da ɗaci. Surukata tana zuwa hutu, ina jin nauyi. (Maman biyu, Gusau)

AMSA: Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, wannan gyaransa a hannu yake. Miyar kuka tun kafin a zuba kukar ake gama ta. Ruwan miyar shi ne komai: daddawa dakakkiya da citta, masoro, kanunfari da barkono, albasa, sai ƙashi ko bandar kifi da kika gyara. Ki bar su su tafasa sosai, har warin ɗanyar daddawa ya tafi ƙamshi ya maye gurbinsa. Mata da yawa a nan suke gaggawa.

Gudaji kuwa abu uku ke kawo shi: kukar da ba a tankaɗe ba, wutar da ta yi yawa, da zuba kuka a lokaci guda. Ki rage wuta har tafasar ta lafa. Ki ɗebi kukar a hannun hagu kina barbaɗawa kaɗan-kaɗan, maburgi a hannun dama yana aiki ba tsayawa. Ki dakata tun tana da ɗan ruwa-ruwa, domin tana ƙara kauri bayan an sauke. Minti biyar ya ishe ta a wuta, kuma kada ki rufe tukunyar.

Ɗacin yakan zo ne daga yawan kuka, ko daɗewa a wuta, ko kuma kukar ce ta tsufa. Wajen saye ki duba launi. Wadda aka shanya a inuwa koriya ce shar, wadda rana ta buga kuwa sai ki gan ta ta koɗe. Ranar da Hajiya za ta iso ki soya man shanu da albasa ki ajiye a gefe, ta zuba da kanta.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, sai bayan la'asar nake dawowa. Ga rashin wuta, firiji ba abin dogaro ba ne, gas kuma ya yi tsada. Wane abinci ne mai sauri? (Malama, Bauchi)

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malama. Ki mayar da ƙarfinki kan busassun kaya waɗanda ba ruwansu da firiji: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, bandar kifi, zogale, garin ƙuli. Ranar Asabar ki haɗa garin ɗan wake, wato garin wake da na rogo da kuka, ki zuba a bokiti mai murfi. In kin dawo sai ki kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan, ki jefa a tafasasshen ruwa. In ya taso sama ki ba shi kamar minti goma, ki tsame a ruwan sanyi, ki sa mai da yaji da dafaffen ƙwai. Ki yi hattara da kanwar, in ta yi yawa tana ɓata ciki, musamman na yara.

Wake kuma ki jiƙa shi da safe kafin ki fita, zai rage miki cin gas sosai. Kwaɗon zogale da ƙuli, albasa da ɗan mai shi ma abincin dare ne mai riƙe ciki, ba sai an jira baƙi ko azumi ba. Kayan miya in kin samu da araha, ki dafa markaɗen har ruwan ya ƙone, ki soya sai mai ya taso sama ya rufe shi. Zai yi miki kwana biyu zuwa uku in kina tafasa shi safe da yamma, kuma da busasshen cokali kaɗai za ki riƙa ɗiba.