Muryar Oga a gurup ɗin masu haɗa sola: durowa ko robobi a bayan Hilux

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na ji saƙonka tun da safe, ina kan rufi ne a Rijiyar Zaki shi ya sa ban amsa ba. Da farko dai Allah ya sanya alheri a motar, Allah ya kiyaye hanya. To ka ce wai ka kai ta a ƙera maka durowa a bayanta, irin wadda ake ja ɗin nan, ko kuwa ka sayi akwatunan roba ka jera kayan aikinka a ciki. Na ga har an fara turo maka hotunan na Turawa, kowa na cewa durowa ta fi kyau. Eh, ta fi kyau a hoto, ban musa ba.

Amma ni na san abin da ke cin ranka. Tsoron ɓarayi ne. Ka ajiye mota a Sabon Gari ka shiga sayen waya, ka fito ba injin huda. Shi ne damuwarka, ko ba haka ba? Zan zo kan wannan, bari in fara da motar kanta.

Hilux mai ƙofa huɗu, bayanta tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne kawai. Tsakanin tudun tayoyin nan biyu bai fi mita 1.1 ba. Zurfi kuwa bai kai rabin mita ba, santimita 48 ko kusa da haka. Ban ma tambaye ka ba, taka tsohon yayi ce ko yayin da ya fara fitowa a 2015? Ko ma wacce ce, bambancin ba yawa, ka ɗauki tef ka auna da kanka. To ita durowa, in dai za ta ɗauki injin huda da garanda da akwatin sifana, sai ta ci maka santimita 25 zuwa 30 na zurfin nan. Me ya rage? Ɗan taƙi guda. Yanzu ka ɗauko batir 200Ah, kowane ɗaya wajen kilo 60, guda huɗu, ina za ka ɗora su? A saman durowa. Ga shi babu bangon da zai tare su, ga yaranka sai sun ƙara ɗaga su sama kafin su dire, ga nauyi ya koma sama, ka sha kwana a shatale-tale mota tana rangaji. Farantin sola mai wat 550 kuwa tsawonsa ya haura mita biyu, dama can sai an kwantar da ƙofar baya ko a yi masa ƙarfe a sama. Ka ga an fara rigima tun ba a bar gareji ba.

Sannan nauyi. Mutane suna jin an ce Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya, sai su manta har da kai da yaranka da ke zaune a ciki duk a lissafin ne. Waɗancan na waje da aka turo, irin su Decked na Amurka da ARB na Ostareliya, su da aka yi da ilimi ma, cikakken saiti yana kai wa kusa da kilo 100. To ina ga wadda mai waldarmu zai yi da ƙarfen da ya samo a Ƙofar Ruwa? Shi a wurinsa nauyi shi ne inganci. Kamar ka ɗaure buhun masara ne a bayan motarka ka ce ba za a sauke shi ba har ranar da za ka sayar da ita, kullum kana saya masa mai. Da kuɗin man nan na yanzu.

Bari in ba ku labari, wasunku sun sani. Wancan kamfanin da na yi wa aiki kafin in buɗe nawa, ba sai na kama suna ba. Manajan ya ga abin nan a YouTube, ya kira ni ofis ya ce a yi mana irinsa. Na ce ranka ya daɗe, motar nan ita ce ta kai kaya, ita ce ta aiki, kar a taɓa ta. Ya ce wai ni ba na son ci gaba. To shikenan. Aka kai wa wani mai walda, ya huhhuda bodin motar ya ɗaure da noti, ko fenti bai shafa wa ramukan ba. Ya sa ƙarfen ja irin na durowar kicin, mai ƙananan boris ɗin nan, ya cika shi da giris. Ranar da aka kawo ta, da yatsa ɗaya kake ja. Manaja har da ɗaukar bidiyo.

Hunturu na shigowa labari ya sha bamban. Ku da kuke bin hanyar ƙauye kun sani, ƙura ba ta gaba take shiga bayan akori-kura ba, iska ce ke juyowa ta tsotso ta ta kafar ƙofar baya. To bakin durowa kuma daidai nan yake kallo. Ƙura ta haɗu da giris ta zama kwaɓi mai yashi, ta cinye boris ɗin tas. Wata rana muna wani ƙauye gaba da Wudil, mai gida na tsaye, rana na dukanmu, durowa ta ce ba ta san zancen ba. Duk kayan aiki na ciki. Da ƙarfen cire taya muka ɓalle ta. Muka dawo, wallahi manajan nan ya dube ni ya ce yarana ne ba su iya ja ba. Yarana! Har ya so a cire kuɗin gyara a albashinsu. Da damina ta zo kuma ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, ba mai gani, ba mai sharewa, tsatsa ta bi ramukan notin nan ta ci bodi. Da aka zo sayar da motar dillali na ɗaga tabarmar ya rage kuɗi. Har yau in na haɗu da manajan nan a ɗaurin aure sai... kai, a bar maganar nan, ba ita ta tara mu ba.

Ina ma na tsaya? Yawwa, wurin ja. Wannan ba wanda ya faɗa maka a gurup. Durowa sai ka kwantar da ƙofar baya, sannan ka jawo ta waje fiye da mita ɗaya, sannan kai ma ka samu wurin tsayawa. A Kano! Ka yi fakin a Kantin Kwari ko wani lungu a cikin gari, kafin ka kashe mota ɗan adaidaita ya manna maka hanci a baya, ya tafi sallah. Kayanka na ciki kana kallo ba ka isa ka taɓa ba. Roba kuwa ta gefe za ka miƙa hannu ka ɗauko. Kuma aikinmu a sama yake. Mota na bakin titi, aiki na bene hawa biyu. Robar da ke da kayan haɗa inbata yaro zai saɓa ta a ka ya hau da ita gaba ɗaya. Da durowa kuwa sai a yi ta zarya, a kawo filaya, a koma a kawo sukundireba, a koma an manta salatif.

Sai kuma abin da kai ma ka sani, ba sai na faɗa ba. Wanda ya mallaki motar ɗaukar kaya a unguwa, motar ba tasa ba ce shi kaɗai. Gobe za a ce a kai kayan ɗakin ƙanwarka. Layya na zuwa a ce a ɗauko rago. Baba zai ce a kwaso masa buhuna daga Dawanau. In aka yi rasuwa, Allah ya sa mu cika da imani, motarka za a fara nema a kai maƙabarta. Za ka ce musu a'a ina da durowa? Robobi minti biyar ka sauke su a soro, ka share, mota ta koma fili.

To amma kar ka je ka kwaso kowace irin roba. Farar nan mai garai-garai da ake gani ta ciki, ta ɗaki ce. Ranar Afrilu ta Kano, da zafi ke haura digiri 40, wata kaɗan za ta busar da ita, ka ɗaga murfi ya tsage a hannunka. Ka nemi mai kauri, baƙa ko mai duhu, irin jikin kiret ɗin lemo, mai murfin da ke kamawa. Ka zaga Ƙofar Wambai, ka zaga Sabon Gari, ka taka ta da ƙafa a gaban mai shago, in ta lotsa ka bar masa kayarsa. Ka saye su girma ɗaya don su hau kan juna. Ka raba su da aiki: ta kayan hannu daban, ta waya da bireka daban, ta noti da ƙarafan ɗaure faranti daban, ka rubuta da fenti a gefe, ba a murfi ba, don murfi yana musanya. Ka ɗaure su da belet mai ja, ba igiyar shanya ba, in ba haka ba kana taka burki za su taho su daki kan mota. Ka samu katako a Na'ibawa ka gicciya shi ya tare su. Tamfol a kai, an gama. Kar ka cika guda ta wuce abin da yaro ɗaya zai ɗauka.

Na ce zan zo kan ɓarayi. Nan kam roba ba ta da amsa, gaskiya ɗaya ce. A nan ne mai walda zai yi maka amfani. Akwatin ƙarfe guda ɗaya, siriri, a jikin kan mota daga ciki, mai buɗewa ta sama, a ɗaure shi da noti ta ciki yadda ba a kwance shi sai an buɗe, a rufa wa kwaɗon ƙarfe yadda almakashin yanka ba zai kama shi ba. A shafa wa ramukan jan fenti kafin a sa noti, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa ruwa ya wuce. Injin huda da garanda su zauna nan. Mitar gwajin wuta da batiran injin huda kuwa kar ka bar su a akwatin ƙarfe cikin rana, ka sa su ƙarƙashin kujerar baya, ka shiga da su gida da dare.

Wani zai ce to Oga durowa ba ta da amfani ke nan? Ban ce ba. In motar kamfani ce, aikinta ɗaya, an yi mata rumfa a baya, akwai wata motar daban ta ɗaukar kaya, to durowa daɗi gare ta, ba ka hawa baya kana rarrafe. Ko a nan ma ni guda ɗaya zan yi a gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen fili, kuma ba boris, katako a kan katako a goga masa kyandir. Amma kai mota ɗaya gare ka, ita ce ofis, ita ce sito.

Ka auna tsakanin tayoyin ka turo min, da tsawon injin hudarka mafi girma. Asabar in Allah ya kai mu ina da sayayya a Ƙofar Ruwa, ka same ni bayan azahar mu ga kaurin ƙarfen tare, kar a sayar maka da na langa-langa.