Dalilin Da Ya Sa Atam Ke Tsukewa Daga Sodiyam Zuwa Kulorin

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kina shirin WAEC, kin haddace cewa girman atam raguwa yake yi idan aka bi jadawalin sinadarai daga hagu zuwa dama, amma zuciyarki ta ƙi yarda, tunda ilektiron ƙaruwa suke yi. Tambayar nan ta yi mini daɗi, domin irinta ce ta sa na canja yadda nake koyar da Kemistiri a nan Jos.

Da na fara koyarwa, kibiyoyi nake zanawa a allo, wannan ta yi dama, waccan ta yi ƙasa, yara su yi ta maimaitawa. Ranar jarrabawa sai in ga da yawansu sun juya kibiyar. Abin ya dame ni ƙwarai. Wata rana na ciro maganaɗisu daga sifikar tsohuwar rediyo, na shiga aji da shi da 'yan ƙusoshi. Na kara ƙusa, ta manne. Na haɗa maganaɗisu na biyu, sai da wani yaro ya sa ƙarfi kafin ya ɓanɓare ta. Daga nan na riƙa sa littattafan rubutu a tsakani, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ana taɓa ƙusar da ɗan yatsa ta faɗi ƙasa. Na gaya musu jan da ke cikin atam na lantarki ne, amma tambayoyin iri ɗaya ne: mai jan nan, yaya ƙarfinsa? Wanda ake ja, yaya nisansa, kuma me ya shiga tsakaninsu?

To ki ɗauki sodiyam. Firoton 11 gare shi a cibiya, ilektiron ɗinsa sun jeru 2, 8, 1. Kulorin yana da firoton 17, jerinsa 2, 8, 7. Dukansu zagaye uku ne, kuma ilektiron goma ne na ciki ke kare na waje daga jan cibiya. Ilektiron shidan da aka ƙara ba su buɗe sabon zagaye ba, cikin na ukun suka shige, kuma waɗanda ke zagaye ɗaya ba sa kare juna sosai. Amma cibiya ta samu ƙarin firoton shida. Ja ya ƙaru, kariya tana nan yadda take, dole zagayen ya matso ciki. Amsarki ke nan.

Gangarawa ƙasa a jadawalin kuwa ba ta da wuya. Fotasiyam 2, 8, 8, 1 ne, ilektiron ɗinsa na waje ya yi nisa, kamar ƙusar nan ta bayan littattafai. Cire shi yana cin makamashi kilojul 419 a kowane mol (ma'aunin yawan atam), na sodiyam 496, na agon da ke ƙarshen layin sodiyam kuwa 1521. Shi ya sa fotasiyam ke kamawa da wuta idan ya faɗa ruwa.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne wurare biyun da kibiya ke yaudarar ɗalibi, kuma masu jarrabawa suna son su. Cire ilektiron na waje na magniziyam yana cin kilojul 738, na alminiyam da ke binsa a layin 578, wato ya sauka maimakon ya hau kamar yadda ya saba daga hagu zuwa dama, domin ilektiron na ƙarshe na alminiyam ya shiga sashen 3p na zagaye na uku, wanda ya fi sashen 3s sauƙin saki. Haka fosforos 1012, salfa 1000: a salfa ilektiron biyu sun haɗu a ɗaki ɗaya suna ture juna. Wanda ya haddace kibiya kawai, nan yake zubar da maki.

Mu mutanen Jos ma jadawalin nan a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Kududdufan da kike gani wajen Bukuru da Barikin Ladi ragowar haƙar kuza ne. Kuza ita ce lamba 50 a jadawalin, wato firoton 50 gare ta, rukuninsu ɗaya da kabon na gawayi, da silikon, da jamaniyam, da dalma. Ki duba yadda ake farawa da gawayi a sama a ƙare da ƙarfe a ƙasa. Jamaniyam ɗin nan Mendeleev ya bar masa gurbi a jadawalin da ya fitar a 1869, ya kuma siffanta shi tun ba a gan shi ba, sai a 1886 aka gano shi. Kwalambait da ake haƙowa tare da kuza kuma yana ɗauke da niyobiyam, lamba 41, da tantalam, lamba 73. Tantalam ya fi niyobiyam da zagaye ɗaya, amma girmansu kusan ɗaya ne, saboda ilektiron 14 na sashen 4f da ke can cikin tantalam ba sa karewa sosai. Wannan ya wuce WAEC, na kawo miki ne don shi ya sa raba su ke wahalar da masu tacewa.

Yau da daddare ki rubuta jerin ilektiron na sinadarai 20 na farko da hannunki, ba tare da leƙa littafi ba. Sannan ki gaya mini wanne ya fi girma tsakanin Na (sodiyam) da Na⁺ (sodiyam da ya rasa ilektiron ɗaya), da dalilinki. Ina jira, Allah ya ba da sa'a.