Ga ƙanwata da fasto ya ba ta 'yan mata uku ta rena

Salama, ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na tashi daga kasuwa na sami natsuwa. Kin ce fasto ya danƙa miki 'yan mata uku da suka gama ajin baftisma ki riƙa bi da su, ke kuwa ba ki taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ɗinki kika sani da renon yara. Kika kuma tambaya ko ya dace ki faɗa musu tuntuɓen da kika yi a baya, ko ki rufe.

Ni ma ban yi makarantar ba. Kwanuka da robobi nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, na kuma haura shekara 30 a Zumuntar Mata. Maganar rashin karatu kada ta hana ki barci. Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai daga Iskandariya, amma Bilkisu da Akila, masu ɗinkin alfarwa, su suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Yana nan a Ayyukan Manzanni 18. Kin ga ashe maɗinka sun riga ki shiga wannan aiki. Titus 2 kuma manyan mata ya ɗora wa koyar da ƙanana, bai ce sai mai takardar shaida ba.

Farko dai, kada ki mai da abin aji. Suna da aji a ikilisiya. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su ga yadda mai bi take yi ranar Talata da rana, sa'ad da mai kaya ya zo yana zagi don ba a gama masa ɗinki ba. Ki kira su shagonki. Su riƙe miki almakashi, su sa maɓalli, ku yi hira. Markus 3 ya ce Ubangiji ya zaɓi sha biyun nan don su kasance tare da shi, sannan ya aike su. Zaman ne ya fara zuwa.

A watan Maris na 2016, a ƙarshen makon Ista, gobara ta ci kasuwarmu. Shagona na ciki, har da kayan da na karɓo bashi. Akwai wata yarinya da nake renonta a lokacin, 'yar wajen Rano ce, tana zaune wurin yayarta a Badawa. Wata biyu ban buɗe mata ko aya ɗaya ba, don ni kaina addu'a ta gagare ni. Amma tana zuwa. Ta ga ina kuka, ta ji ina yi wa Allah ƙorafi, ta kuma raka ni ranar da na je wurin Alhajin da yake ba ni kaya na ce masa ban gudu ba, zan biya kaɗan-kaɗan. Mutumin kirki, ya yafe mini wani sashe, Allah ya saka masa. Bayan shekaru, da mijinta ya rasa aiki, ta ce mini wannan tafiyar ce ta riƙe ta, ba darussan da na wahala ina shiryawa ba. Har na ɗan ji haushi, na tuna dararen da na kwana ina rubutu da tocila!

To, batun faɗin tuntuɓe. Ki faɗa, amma ba duka ba, ba kuma ran farko ba. Ni ma'aunina biyu ne. Shin ciwon ya warke? In har kina ba da labarin zuciyarki na tafasa, to ba koyarwa kike ba, juye kaya kike a kan yarinya. Wannan na fasto ne ko wata babba da ta girme ki. Na biyu, shin tana bukatarsa yanzu? Labarin yadda kika sha da uwar miji ba shi da amfani ga 'yar shekara 17 mai fama da jarrabawa. Ki ajiye, ranarsa na zuwa. Sannan duk labarin da ya shafi asirin wani, mijinki ko iyayenki, ba naki ba ne ke kaɗai.

Inda na fāɗi kuwa, bari in gaya miki don kada ki taka. Wata ta kawo mini maganar saurayin da take so. Da na ji sana'arsa da garinsu sai ya tuna mini da wani da ya taɓa yaudarata ina budurwa. Ban tambaye ta komai ba, na zazzage mata tarihina na ce ta rabu da shi. Ban tsaya nan ba, na kai maganar taron mata da sunan roƙon addu'a. Kin san mu, kafin Lahadi ta zagaye unguwa. Yarinyar ta daina zuwa, har ta sauya ikilisiya. Sun yi aure, yaron nan yanzu dattijon ikilisiyarsu ne. Sai da na shekara biyu kafin na iya taka ƙafa gidanta a Brigade na durƙusa na nemi gafara. Abin da ya same ni gaskiya ne, amma ba annabci ba ne a kan rayuwarta. Tun daga nan, in na ba da labarina sai in tambaya, “Ke fa, yaya kike gani?” sannan mu buɗe Littafi tare, don kada maganata ta zauna a mazaunin Maganar Allah.

Cikin ukun nan, kada ki yi mamaki in ɗaya ta ja baya. Markus ma ya bar su Bulus a Bamfiliya, Barnaba ne ya ƙi sakinsa, daga baya Bulus da kansa ya aika a kawo masa shi. Ki riƙa kiranta ko ba ta ɗauka ba.

Ki fara da zuwa gaida iyayensu ko masu riƙonsu, su san hannun da 'ya'yansu ke ciki. Kada ki ba 'yan matan rance, in da hali ki ba su kyauta. In kuma kina so mu zauna, ki faɗa mini ranar da ɗinki ya yi miki sauƙi, ban da Asabar, ranar nan ko ruwa ba na samun sha.